ATINI MAI KOMOWA: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Daɗaɗɗen Kumburin Hanji

Duk wanda ya zauna a garin da ke bakin kogi ya san atini. A Wudil, inda kogi ya ratsa ƙarƙashin gada ya nufi Haɗeja, inda kuma kowace Juma'a jama'a ke taruwa a kara da cikin kasuwa daga nesa da kusa, su ci abinci a tsaye, su sha ruwan da suka samu, ba abin mamaki ba ne mutum ya kwanta lafiya ya tashi da murɗar ciki da gudawa mai jini da majina. Yawanci akan sha magani kwana biyar ko bakwai, ciwo ya tafi, mutum ya koma sana'arsa.

Amma akwai wani irin atini wanda ba ya bin wannan hanya. Yakan zo ya yi wata guda ko biyu, ya lafa kamar ya tafi, bayan 'yan watanni ya komo. Mai shi ya sha maganin asibiti, ya sha na kemis, ya sha jiƙo da tsimi, ciwo na nan. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo haka ita ce cutar da likitoci ke kira daɗaɗɗen kumburin hanji. An buga wannan takarda domin Hakimai da malamansu su san ta, gama su ne talakawa ke kai wa kuka, su ne kuma ake jin maganarsu in sun ce a tafi asibiti. Ba a nufin Hakimi ya zama likita. Abin da ake nufi shi ne ya gane lokacin da ya kamata a ce wa iyalin majinyaci, "Wannan ya wuce maganin gida."

A ƙaddara wani saurayi masunci, ɗan shekara 22, a wani ƙauye na bakin kogi. Damina ta farko ya yi atini, aka ba shi ƙwayoyi, ya ji sauƙi. Da kaka ciwon ya komo, aka ce basir ne, aka sayi kwalba biyu wurin mai talla da lasifika a kasuwa. Da bazara ya rame, idonsa ya yi fari, ba ya iya zama cikin kwalekwale sa'a guda bai nemi gaɓa ba. Uwarsa ta ce sammu ne, iyayen yarinyar da yake nema suka fara ja da baya, ubansa ya sayar da ɗan maraƙi. Shekara ta zagayo ba wanda ya duba cikin hanjinsa. Irin wannan yaro ake magana a kansa.

ABIN DA CUTAR KE YI WA HANJI

Hanjin ɗan Adam kashi biyu ne. Akwai ƙaramin hanji, mai tsawon kimanin ƙafa 20, watau mita 6, inda jiki ke tsotse amfanin abinci. Akwai babban hanji, mai tsawon kimanin ƙafa 5, watau mita ɗaya da rabi, inda ake tsotse ruwa, abin da ya saura ya sauka ta dubura. Cikin hanji akwai ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda ba su ƙidayuwa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Mafi yawansu ba su cutarwa, waɗansu ma taimako suke yi. Jiki kuwa yana da garkuwa, watau dakarun da ke cikin jini masu yaƙar cuta. A jikin mai lafiya dakarun nan sun san baƙo, sun san ɗan gida. A jikin mai wannan cuta sai su rikice, su yi ta faɗa da 'yan gida a bangon hanji, ba su tsagaitawa. Bangon ya kumbura, ya yi ja, ya yi gyambo, ya riƙa zubar da jini. Kamar dogarai ne aka sa tsaron ƙofa, suka juya suna dukan mutanen gari.

Cutar iri biyu ce. Ta farko likitoci na kiranta kolaitis mai gyambo. Ita babban hanji kaɗai take kamawa, ta fara daga dubura ta hau sama a jere, kuma a fatar ciki ta hanjin take tsayawa. Alamarta gudawa mai jini da majina, da matsuwar da ba ta jira, da yunƙurin da ba ya fid da kome, da tashi cikin dare don zagayawa. Ta biyu ita ce cutar Kuron. Ita tana iya kama kowane wuri tun daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, a ƙasan ciki ta hannun dama. Takan kama nan ta tsallake can, ta kuma ci bangon hanji har ta huda shi. Saboda haka takan ƙuntata hanji abinci ya kasa wucewa, ko ta kawo maruru a gefen dubura wanda in ya fashe ba ya warkewa, sai ya bar ƙofa mai yoyon mugunya. Mai cutar Kuron ba lalle ne ya ga jini ba. Ciwon ciki bayan cin abinci, da rama, da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, su ne suka fi damunsa. In yaro ne sai ya tsumbure, tsararsa su wuce shi.

Dukansu biyu suna iya taɓa wajen hanji: ciwon gaɓoɓi da ƙugu, jan ido mai zafi, ƙuraje a baki, kumburi ja mai ciwo a ƙwauri. Sun fi fara kama mutum tsakanin shekara 15 da 35, maza da mata, watau daidai lokacin aure da neman na kai.

YADDA AKA GANE TA

A Turai ma an daɗe ana haɗa ta da atini. A shekarar 1859 wani likita a asibitin Guy's na birnin Landan, Samuel Wilks, ya bayyana gyambon babban hanji wanda ya bambanta da atinin da aka saba. A 1913 wani likitan fiɗa a Gilasgo, Kennedy Dalziel, ya ba da labarin majinyatan da hanjinsu ya kumbura ya yi kauri ba tare da tarin fuka ba. Kada malamai su ɗauke shi shi ne Dalziel ɗin da ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi da Hausa a 1916, wannan wani likita ne dabam. A 1932 likitoci uku na asibitin Mount Sinai a birnin Niyok na Amurka, Burrill Crohn da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka rubuta bayanin majinyata 14, daga nan sunan na farkonsu ya bi cutar.

Ba ta san sarauta ba. An yi wa Shugaban Amurka Eisenhower fiɗa saboda cutar Kuron a watan Yuni 1956, ya tashi, aka sake zaɓensa a wannan shekara. Firayim Ministan Japan Shinzo Abe ya sauka daga mulki a 2007 yana fama da kolaitis mai gyambo, ya sami magani ya komo a 2012, ya yi shekara kusan 8 yana mulki, sa'an nan ciwon ya tashi ya sake sauka a 2020. Labarinsa ya nuna halin cutar sarai: tana kwanciya, tana tashi, mai ita kuwa yana iya ɗaukar babban aiki muddin tana kwance.

An ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 6.8 ke da ita a duniya. A Amurka ta Arewa da ƙasashe da yawa na Turai ta wuce mutum 3 cikin kowane 1,000. Da can ana cewa ba ta kama baƙar fata na Afirka. Denis Burkitt, likitan da ya yi aiki a Yuganda shekaru masu yawa, ya lura da ƙarancinta a can, ya danganta haka da cin hatsi mai dusa da ganye. Amma tun daga 1990 ake ganin tana ƙaruwa a Asiya da Amurka ta Kudu da Afirka, musamman a birane, likitocin asibitocin koyarwa na Nijeriya kuma sun ba da rahoton waɗanda suka same su da ita. Lalle ba ta kai atini na ƙwayar cuta yawa ba, ko kusa. Amma abin da ba a nema ba a samunsa, inda kuwa babu na'urar duba hanji sai a ce babu cutar.

Masana ba su sami sanadi guda ɗaya ba. Akwai hannun gado, gama wanda ɗan'uwansa na jini ke da ita ya fi saura haɗari, tun 2001 kuma aka fara gano wuraren da abin yake cikin ƙwayoyin gado, yanzu sun wuce 200. Akwai hannun sauyin abinci da zaman birni, da yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta tun ana yara. Shan taba yana tsananta cutar Kuron ƙwarai. Abu uku dai tabbatattu ne, ya kamata a faɗa wa jama'a su: ba a ɗaukarta daga wani, ba ƙazantar mai ita ce ta jawo masa ba, ba kuma sammu ba ce. Ana iya cin tuwo ƙwarya ɗaya da shi.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Nan ne wahalar take, nan ne kuma ya kamata mai karatu ya tsaya ya natsu. A ƙasa irin ta Wudil akwai cututtuka da dama masu shigar wannan cuta, kuma sun fi ta yawa nesa ba kusa ba.

Akwai atini na amiba, wata ƙwayar cuta da ke shiga ta ruwa da abincin da bayan gida ya taɓa. Ita ma tana yi wa babban hanji gyambo, tana kuma iya daɗewa tana komowa. Maganinta metoronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, a bi shi da wani maganin da ke share ƙwanta daga hanji. Akwai atini na shigela mai zuwa da zazzaɓi, wanda ba ya daɗewa.

Akwai tsargiya. Jama'a sun san mai sa fitsarin jini, amma ba kowa ya san tana da 'yar'uwa mai zama a jijiyoyin hanji ba. Dukansu ta katantanwar ruwa suke yaɗuwa, tsutsarsu ta huda fatar wanda ya shiga ruwa. Masunta da masu haƙar yashi da manoman fadama da yara masu wanka a kogi su ne a gaba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a ƙasar Kano, ruwa ya zauna a magudanai rani da damina, abin alheri ne babba, amma katantanwa ma ta sami gida. Tsargiyar hanji tana sa bayan gida mai jini wata da watanni. Maganinta firazikwantel, sha ɗaya ne bisa nauyin mutum.

Mafi rikitarwa shi ne tarin fuka na hanji. Mutane suna tsammani tarin fuka a huhu kaɗai yake, alhali yana kama hanji, kuma daidai wurin da cutar Kuron ta fi so, ƙarshen ƙaramin hanji. Ciwon ciki ɗaya, rama ɗaya, zazzaɓi ɗaya, har a hoto suna kama. Manyan likitocin Indiya da Afirka ta Kudu, inda cututtukan biyu ke tare, su ma suna shan wuya wajen rarrabe su. Shi ya sa in shakka ta ƙi ƙarewa likita yakan fara ba da maganin tarin fuka, ya sake duba hanjin bayan wata biyu ko uku. In gyambon ya warke, tarin fuka ne, sai a cika wata shida. In bai warke ba, sai a koma ga zancen Kuron. Iyali kada su ɗauki wannan a kan rashin sanin aiki, hanyar da aka yarda da ita ke nan.

Sauran su ne cutar ƙanjamau mai kawo doguwar gudawa, da sankarar hanji, musamman ga wanda ya haura shekara 45, da kuma basir na gaskiya. Kalmar basir ta zama babban buhu a bakin jama'a, kome aka rasa sunansa sai a jefa ciki. Basir a wurin likita jijiyoyi ne da suka kumbura a bakin dubura. Suna ɗigar da jan jini bayan an gama, amma ba su sa gudawa ta wata guda, ba su sa zazzaɓi, ba su ramar da mutum. Duk "basir" ɗin da ya zo da waɗannan, a san akwai wani abu a bayansa.

Dalilin da ya sa aka tsawaita a nan shi ne magungunan kumburin hanji aikinsu kwantar da garkuwar jiki ne. In aka ba wa mai amiba ko mai tarin fuka irinsu bisa kuskure, an ɗaure dogarai ke nan ɓarawo yana cikin gida. Amiba na iya huda hanji, tarin fuka na iya bazuwa cikin jiki duka. In kuma aka yi ta ba wa mai kumburin hanji maganin amiba shekara da shekaru, jininsa na ƙarewa a banza. Kuskure ta kowane gefe yana iya kisa. Don haka ƙa'idar ita ce bincike tukuna, sa'an nan magani.

YADDA AKE BINCIKE

Gudawar da ta wuce mako 4, ko jinin da ya komo bayan an sha maganin atini daidai, ya isa dalilin zuwa asibiti. A Babban Asibitin Wudil ko makamancinsa akan fara da duba bayan gida a madubin likita don neman amiba da ƙwan tsargiya, sau da yawa fiye da sau ɗaya, da awon jini, da gwajin tarin fuka da na ƙanjamau. In waɗannan ba su ba da amsa ba sai a tura majinyaci Kano, tafiyar kimanin mil 25, watau kilomita 40, zuwa babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin ciki da hanji.

Can akan yi abin da ake kira kolonoskofi. Wani siririn bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa kamar yatsa, da fitila da idon ɗaukar hoto a bakinsa. Akan sa shi ta dubura bayan majinyaci ya sha maganin wanke ciki, likita ya ga bangon hanji da idonsa, ya tsinko ɗan abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba a kai ɗakin bincike. Akan ba da allurar rage zafi, aikin kuma ba ya cika wuce sa'a guda. Mutane da yawa, dattawa da matan aure musamman, sukan ƙi saboda kunya. Kunya abar yabo ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace tana da ikon roƙon ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita.

MAGANI

Gaskiyar da ya kamata a fara faɗa ita ce har yanzu babu ƙwayar da ke raba mutum da wannan cuta har abada. Ana kwantar da ita ne, kamar yadda ake yi da ciwon sukari da hawan jini. Duk mai tallan da ya ce kwalba uku za su tumɓuke ta, kuɗi yake nema. Aikin magani biyu ne: kashe wutar in ta tashi, da hana ta sake tashi.

Mafi daɗewa cikin magungunan shi ne salfasalazin, wanda wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ta fito da shi wajen 1940. A 1977 masu bincike a Okusfod suka gano ɓangarensa da ke yin aikin, daga nan aka sami mesalazin, wanda ya fi sauƙi a jiki amma ya fi tsada. Su ne ginshiƙin maganin kolaitis mai gyambo in bai yi tsanani ba. Ana sha, akwai kuma wanda ake sawa ta dubura, kuma ana ci gaba da su ko an ji sauƙi. Salfasalazin yakan mai da fitsari ruwan lemo, wannan ba abin tsoro ba ne. Yakan kuma rage ƙwayoyin haihuwa na namiji muddin yana sha, su komo in an sauya magani, saboda haka mai neman haihuwa ya gaya wa likita. Ga cutar Kuron kuwa amfanin waɗannan kaɗan ne.

In wutar ta tashi da ƙarfi sai a ba da firedinisolon ko ɗan'uwansa. Likitoci biyu na Ingila, Truelove da Witts, su ne suka tabbatar a 1955 cewa irin wannan magani yana ceton ran masu kolaitis mai tsanani. Yana aiki da sauri, amma baƙo ne, ba ɗan gida ba. Akan rage shi sannu a hankali cikin kimanin mako 8. Wanda ya ɗore a kansa fuskarsa za ta kumbura, ƙashinsa ya yi rauni, sukari da hawan jini su kama shi. Wanda ya daɗe yana sha kuma ya yanke shi rana ɗaya yana iya faɗuwa. Abin baƙin ciki, irin wannan ƙwaya ce waɗansu ke saya a kasuwa don su yi ƙiba. Majinyaci yakan ji daɗinta ya riƙa saye da kansa ba tare da ya koma asibiti ba, wannan kuwa yana cikin manyan hanyoyin da ake lalacewa.

Wanda ciwonsa ke yawan tashi akan ɗora shi a kan azatayofirin, wanda sai ya yi wata biyu ko uku kafin a ga aikinsa, kuma dole a riƙa awon jini. Akwai metotireksat ga masu Kuron, amma haramun ne ga mai ciki ko mai neman ciki, gama yana lalata ɗan tayi.

A 1998 aka yarda da infiliksimab a Amurka, na farkon sababbin allurai masu toshe saƙon da ke hura kumburi. Waɗansu sun biyo baya, kamar adalimumab da bedolizumab da ustekinumab, sun kuwa sauya rayuwar mutane da yawa, har ƙofofin yoyo suna rufewa. Sai dai suna da tsada ƙwarai, suna bukatar ajiya cikin sanyi, kuma suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki. Ba a fara su sai an gwada tarin fuka da ciwon hanta mai lamba B, wanda yake da yawa a wannan ƙasa.

Fiɗa ba alamar an fid da rai ba ce. Ga kolaitis mai gyambo, in aka cire babban hanji duka an cire gidan cutar. Akan fito da bakin ƙaramin hanji ta fatar ciki a manna jaka, ko kuma, bisa dabarar da Parks da Nicholls suka bayyana a Landan a 1978, a ɗinka wata 'yar jaka daga hanjin kansa a haɗa da dubura. Ga cutar Kuron akan yanke wurin da ya toshe ne kawai, cutar tana iya komowa a gefen ɗinkin, don haka magani ba ya tsayawa.

ZAMAN YAU DA KULLUM

Babu abincin da ke kawo cutar, babu kuma wanda ke warkar da ita shi kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta hana majinyaci abinci, yau a hana nama, gobe nono, jibi mai, har yunwa ta fi ciwon illa. Lokacin da ciwo ya tashi, kunu da koko da shinkafa mai laushi da kifi da ƙwai sun fi sauƙi, a rage yaji, a sha ruwan gishiri da sukari. Wanda hanjinsa ya ƙuntata ya yi hankali da rake da aya da gyaɗa da ganye mai zare. In ciwo ya kwanta a koma cin abin da kowa ke ci. Yara masu Kuron akan ɗora su a kan wani abinci na ruwa na musamman mako 6 zuwa 8, yana kwantar da kumburin. Ƙarancin jini kuma a yi maganinsa.

Magungunan ciwon jiki irin ibufurofen da dikulofenak suna iya tayar da ciwon, farasitamol ya fi aminci. Ƙwayar tsayar da gudawa tana da haɗari in akwai jini da zazzaɓi. Zancen azumi da na alwala ga mai jaka ko mai yawan zagayawa, malaman fiƙihu suna da hukuncin mai lalura, sai a haɗa fatawarsu da shawarar likita. Mai cutar yana aure yana haihuwa. Mace ta fi samun ciki lafiya in ta ɗauka lokacin da ciwon ke kwance, kada kuma ta bar magani sai da izinin likita. Wanda cutar ta kama yawancin babban hanjinsa shekara 8 zuwa 10, akan riƙa duba shi lokaci lokaci, gama haɗarin sankara yana ƙaruwa.

Akwai alamun da ba su jiran wayewar gari: zagayawa da jini sau 6 ko fiye a yini tare da zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, ciki ya kumbura ya yi tauri, amai ba tsayawa tare da rashin fitar iska da bayan gida, ko jiri har mutum ya kasa tsayuwa. Mai waɗannan a nemi mota a kai shi asibiti a daren.

ABIN DA AKE BUKATA GA HAKIMI DA MALAMINSA

In Hakimi ya tara Dagatai da masu unguwanni, ya sanar da su ƙa'idar mako 4, su kuma su sanar da limamai da sarakunan ruwa da wanzamai da ungozomai, gama waɗannan su ne ke fara jin labarin ciwo. In rigimar aure ko ta fasa baiko ta zo gabansa saboda irin wannan jinya, ya nemi takardar likita kafin ya saurari zancen sammu ko na cuta mai yaɗuwa. Masu tallan maganin basir a ranar kasuwa, a tambaye su lambar hukumar NAFDAC, a kuma tuna lambar ba ta nufin maganin yana warkar da duk abin da lasifika ta faɗa. Tun da jinyar doguwa ce, kuɗin magani kuma kowane wata ne, ya dace a nuna wa iyali hanyar shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano, a kuma tuna da su wajen rabon zakka. Makaranta ko wurin aiki su ba mai cutar izinin fita zagayawa ba tare da tambaya ba.

Malamin Hakimi kuwa, in za a tura majinyaci, ya taimaka da rubuta takarda guda wadda zai riƙe. A rubuta shekarunsa da ƙauyensu da sana'arsa, da watan da ciwon ya fara, da sau nawa ya lafa ya komo. A rubuta sau nawa yake zagayawa da rana, sau nawa da dare, da jini ko babu. A rubuta ko yana shiga kogi ko fadama, ko yana tari, ko wani a gidan ya yi tarin fuka, ko wani ɗan'uwa yana da irin ciwon, ko yana shan taba. Tambayoyin nan a yi su a keɓe, ba a zaure cike da mutane ba, in mace ce a bar wata dattijuwa ta gidan ta tambaya. Sa'an nan a ce wa iyali su tattara kwalaye da kwalaben duk magungunan da ya sha, na kemis da na gargajiya, da tsofaffin katunan asibiti da takardun gwaji, su zuba cikin jaka ɗaya su tafi da su. Wanda zai raka shi ya zama mutumin da zai iya kwana biyu ko uku a Kano, gama ba a cika gama binciken rana ɗaya ba.